Yadda Ake Tattara Tarihin Kurkukun da Ya Gaji Barikin Soja Kafin a Sake Masa Fasali

A garuruwa da yawa na arewacin Kamaru da Cadi, idan aka bi diddigin unguwar da ofisoshin gwamnati suke, za a tarar soja ne suka fara zaɓar wurin. Injamena kanta ta soma ne a matsayin sansanin sojan Faransa a 1900, bayan yaƙin Kusseri na ranar 22 ga Afrilu, inda aka kashe Rabe da kwamandan Faransawa Lamy, wanda Injamena ta ci gaba da amsa sunansa har 1973. Jamusawa sun kama Garwa a 1901, Marwa kuma a 1902. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, suka kewaye sansaninsu na Garwa da ganuwa da gwalalo, ba su miƙa wuya ba sai a watan Yunin 1915, na kan dutsen Mora kuwa suka yi tirjiya har 18 ga Fabrairun 1916. Cadi ta zauna a hannun soja har 1920, yankin Borku da Enedi da Tibesti kuma sojan Faransa ne suka ci gaba da riƙe shi har 1965. A irin wannan mulki, ɗakin da ake kulle wanda ya ƙi biyan haraji ko ya tsere wa aikin tilas yakan kasance a cikin sansanin ne, kusa da ɗakin masu gadi. Soja su tashi, ɗakin ya zauna, a yi ta ƙara masa gini har ya zama gidan kason gari.

Yanzu garuruwa sun cika sun haɗiye waɗannan wurare, fili a tsakiyar gari ya yi tsada, gwamnati kuma ta fi son gina sabbin gidajen yari a bayan gari. An rushe tsohon gidan yarin Injamena a ƙarshen 2011, kuma duk wanda ya taɓa ganin katafila tana aiki ya san ginin da ya yi shekara ɗari ba ya kai mata mako guda. Wannan bayani an yi shi ne domin ƙungiyar ci gaban gari, ko malamin tarihi da ɗalibansa, ko 'yan majalisar ƙaramar hukuma, waɗanda suka ji ana maganar rufe wani tsohon kurkuku ko gyara shi. Abin da nake so a riƙe shi ne jerin aikin: takardu da bakin mutane su ne a gaba, karatun ginin ya biyo, shawarar abin da za a yi da filin ita ce a ƙarshe. Idan aka juya wannan jeri, abin da aka rasa ba ya dawowa.

Aikin farko shi ne neman izini a rubuce. Filin da soja suka taɓa zama a kai na gwamnati ne, kuma sau da yawa ma'aikatu uku ko huɗu ne ke da ta cewa a kansa: ma'aikatar tsaro saboda asalinsa, ma'aikatar filaye saboda takardarsa, ma'aikatar shari'a wadda a Kamaru aka mayar da kula da gidajen yari hannunta a ƙarshen 2004, da ma'aikatar al'adu wadda dokar 18 ga Afrilun 2013 ta ɗora wa nauyin kare kayan tarihi. A fara da gida, wato a sanar da sarkin Hausawa da jauro ko lawanin unguwa, su kai maganar fadar lamido, domin wasiƙar da ta bi ta fada ta fi saurin samun kunne. Daga nan a rubuta wa sufurfe da furfe, wato jami'an mulki masu wakiltar gwamnati a yankin, da Faransanci, a faɗi sunan ƙungiyar da abin da za a yi da ranakun da za a yi shi, a karɓi kwafi mai hatimin shaidar karɓa. Kada kowa ya ɗaga waya ya ɗauki hoton katangar kurkuku ko ta bariki kafin wannan takarda ta shiga aljihunsa. Tun da rikicin Boko Haram ya tsananta a yankin Arewa Mai Nisa a 2014, hoto ɗaya na irin waɗannan wurare ya isa ya jefa yaro cikin tuhumar da zai daɗe bai fita ba.

Da izini ya samu, sai a nufi takardu, kuma a nan ya kamata a kashe mafi yawan ƙarfi. Kowane gidan yari yana da babban littafin da ake rubuta shigar fursuna da fitarsa: sunansa, garinsu, wanda ya ba da umarnin tsare shi, laifin da ake tuhumarsa da shi, da ranar da aka sake shi ko aka mayar da shi wani wuri ko ya rasu. Akwai littafin abinci, da na ɗakin magani, da na masu gadi. Ranar ƙaura, waɗannan tsofaffin littattafai su ne abin da ake bari a ƙasan sito, gara ta ci rabi, ruwan damina ya ƙarasa sauran, wani lokaci ma a ga shafukansu a wurin mai ƙosai. A roƙi shugaban gidan yarin ya yarda a ɗauki hotonsu a gabansa, a ofishinsa, ba tare da an fitar da ko ɗaya ba. A fara da bangon littafin, a bi shafi bayan shafi ba tsallake, har da shafukan da babu komai a kai, a rubuta lambar kowane littafi da shekarun da ya ƙunsa a wani littafi dabam. A ajiye hotunan a wuri uku, ɗaya daga ciki a wajen garin.

Wanda yake ganin wannan wahala ce ta banza, ya dubi abin da ya faru a Injamena. A 2001 masu binciken ƙungiyar Human Rights Watch suka shiga tsohuwar hedikwatar DDS, 'yan sandan asirin tsohon shugaban Cadi Hissène Habré, suka tarar da takardu a zube a ƙasa cikin ƙura. Da aka tsince su aka jera, sai aka sami sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare, da mutum 12,321 da aka ci zarafinsu. Waɗannan takardu suna cikin manyan hujjojin da kotun musamman ta Dakar ta dogara da su ranar 30 ga Mayun 2016, lokacin da ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai. Da wani ya share ɗakunan ya cinna wa sharar wuta, da iyalai da dama ba su san ranar da nasu ya rasu ba.

Tarihin zamanin soja kuwa yawancinsa ba ya cikin garin. Na zamanin Jamus wani ɓangare yana gidan adana takardu na ƙasa a Yawunde, wani kuma yana Balin, babban birnin Jamus, cikin takardun ofishin mulkin mallaka. Na Faransa yana birnin Aix-en-Provence a can ƙasar Faransa, na rundunoninta yana Vincennes kusa da Faris. Tun da daga Yola sojan Ingila suka taso suka auka wa Garwa, bai kamata a manta da gidan adana takardu na Kaduna ba. A nemi wuri da sunan da mai rubutun ya san shi da shi, domin wanda ya rubuta Kusseri ko Sarh a wurin bincike zai wuce takardun da ke cewa Fort-Foureau ko Fort-Archambault, kuma Jamusawa Garua da Marua suke rubutawa. Rubutun hannun Jamusawa na wancan zamani sai wanda ya koye shi musamman yake iya karantawa, saboda haka a nemi taimakon sashen tarihi na jami'ar Ngaundare ko ta Marwa ko ta Injamena. Abin da ya fi amfani a cikin waɗannan takardu shi ne taswirar sansanin da lissafin kuɗin gini, domin su ne ke nuna wane ɗaki aka gina a wace shekara. Rahoton kwamanda kuwa a karanta shi da taka-tsantsan, tun da abin da yake so na gaba da shi ya ji shi yake rubutawa. A ƙarƙashin dokar da Faransawa suka kira andijena, wadda ba a soke ba sai a 1946, jami'in mulki yana iya kulle talaka har kwana 15 ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, don haka rashin ganin sunan wani a takardun kotu ba ya nuna cewa bai kwana a wurin ba.

Abin da takarda ta ɓoye, bakin mutane ne ke fito da shi, kuma tsofaffi ba sa jira. A fara da waɗanda maganar ba ta yi musu nauyi sosai: tsofaffin gandirobobi, maginan da suka yi gyara a ciki, mai ruwa, limamin da ke shiga yin wa'azi, masu wankan gawa, da matan da suka yi shekaru suna kai abinci bakin ƙofa. Tsofaffin fursunoni su zo daga baya, bayan gari ya san manufar aikin. Zaman kaso abin kunya ne a wurinmu ko da an zalunci mutum ne, kuma za a sami dattawan da za su ce a bar kaza cikin gashinta. Ba a yi musu dole, kuma ba a ambaci sunan kowa sai da yardarsa da ta iyalinsa. A yi hirar da harshen da mutum ya fi sakewa a ciki, Hausa ko Fulatanci ko Larabci ko Barbarci, mace ta tambayi mace, kuma kada a taɓa zaunar da tsohon mai gadi da tsohon fursuna a tabarma ɗaya.

Tambayar da ta fi buɗe baki ita ce ta wuri. Idan aka ce wa dattijo ya ba da labarin abin da ya same shi, yakan ce ya wuce, Allah ya kiyaye gaba. Amma idan aka ce, "Baba, a lokacinku ina rijiyar take?" sai a ga ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke ya ja layin katanga, ya sa tsakuwa a wurin rijiya, ya nuna inda ake girki da inda ake salla da ɗakin da ba wanda yake so a kai shi. A ɗauki hoton wannan zane kafin iska ta share shi. Zane biyar ko shida irin wannan, daga mutanen da suka zauna a shekaru dabam-dabam, sun isa su nuna yadda gidan ya yi ta sauyawa.

Sai a shiga karatun ginin kansa, da rani, da tef na awo da littafi da tocila. Ginin soja yana fuskantar waje ne domin ya hana shiga, ginin kurkuku kuma yana fuskantar ciki domin ya hana fita, kuma wannan bambanci yana barin alama a jikin bango. Kafar harbi takan yi faɗi daga ciki ta tsuke daga waje, kuma idan aka mayar da ɗakin kurkuku akan toshe ta da bulo wanda launinsa ya bambanta da na sauran bangon. A duba ƙofofi: idan akwai tsofaffin ramukan sakata daga ciki, sabuwar sakata kuma tana waje, an san ɗakin kwanan soja ne aka juya. Ɗaki mai kaurin bango marar taga, a gefe shi kaɗai, yawanci rumbun albarushi ne, kuma irinsa ne ake mayarwa ɗakin horo. Kayan ginin ma suna faɗin shekaru, daga tubalin ƙasa zuwa dutse ko jan bulo da aka haɗa da farar ƙasa, zuwa bulon siminti da rufin kwano. Wani lokaci abin da aka juya ba ya ma kama da ɗaki: kurkukun ƙarƙashin ƙasa na DDS da aka sani da La Piscine wurin ninƙaya ne na iyalan sojan Faransa, aka rufe samansa da kankare a 1987 aka raba shi ɗakuna.

A cikin ɗakunan, a rufe ƙofa a kashe fitila, a manna tocila a jikin bango yadda haskenta zai kwanta a kansa. Abin da ba a gani da rana zai fito: layukan ƙidayar kwanaki da aka karta da ƙusa, sunaye da ajami, ayoyi, sunan ƙauye, layin da ke nuna alƙibla, da ramukan dara a daɓe. A ɗauki hoton kowane bango da ma'auni a gefensa, a rubuta lambar ɗakin. Babban kuskuren da masu kyakkyawar niyya ke yi shi ne shafa fenti ko farar ƙasa domin wurin ya yi kyau kafin manyan baƙi su zo, alhali wannan rubutu shi ne kaɗai abin da fursunonin suka rubuta da hannunsu.

Abu biyu ne ke tsayar da aiki nan take. Idan haƙa ya tono harsashi ko gurneti ko wani ƙarfe da ba a gane ba, kowa ya ja da baya, a kira jandarma su kawo sojan da suka ƙware a kwance nakiya, domin tsufa ba ya kashe irin waɗannan abubuwa. Idan kuwa ƙasusuwan mutum ne, a rufe wurin yadda yake, a sanar da mai gabatar da ƙara na gwamnati, a jira likita ya duba kafin liman ko fasto su yi abin da addini ya tanada.

Bayan duk wannan ne ake zama shawara. Idan wurin zai ci gaba da zama gidan yari, to gyaran ya wuce sabon fenti da ƙara tsawon katanga. Ƙa'idojin Mandela, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a watan Disambar 2015, sun ce a raba maza da mata, yara da manya, masu jiran shari'a da waɗanda aka yanke wa hukunci. Ƙungiyar Red Cross ta duniya tana ba da shawarar murabba'in mita 3.4 ga kowane mutum a ɗakin haɗaka, lita 10 zuwa 15 na ruwa a rana a mafi ƙaranci, da masai ɗaya ga mutum 25. A auna ɗakunan a raba da wannan lissafi, a rubuta adadin da gidan zai iya ɗauka a gaskiya. Ƙungiyar Amnesty ta ba da rahoto a 2016 cewa gidan yarin Marwa, wanda aka gina domin mutum 350, yana ɗauke da kusan 1,500. A ƙasar da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, tagogi masu fuskantar juna a saman bango da rufi mai tsawo da rumfa a tsakar gida magana ce ta rai da mutuwa, kuma tsohon rumbun albarushi bai dace da kwanan ɗan Adam ba ko da dare ɗaya.

Idan kuwa an rufe shi ne, ba dole ba ne a zaɓi tsakanin rushe komai da barin komai. Turawan Fotugal sun gina sansanin Fort Jesus a Mombasa ta ƙasar Kenya daga 1593, Ingilishi suka mayar da shi kurkuku daga 1895 zuwa 1958, yau gidan tarihi ne da hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2011. A Johannasbag ta Afirka ta Kudu an rufe kurkukun tsohuwar ganuwa a 1983, aka rushe ɓangaren masu jiran shari'a, aka yi amfani da bulonsa wajen gina kotun tsarin mulki wadda aka buɗe a 2004, sauran ɗakunan kuma aka bar su jama'a su gani. Ra'ayina shi ne a garuruwanmu a riƙe abu huɗu ko ta halin ƙaƙa: babbar ƙofa, jerin ɗakuna guda cikakke har da ɗakin horo, wani yanki na katangar soja, da rijiyar ko itacen tsakar gida. Sauran filin ya zama abin da unguwa ke bukata, kamar wurin koyon ɗinki da kafinta da walda, ɗakin karatu, ko ƙaramin asibiti. Shaguna suna kawo kuɗi, amma a jera su ta waje suna fuskantar titi, kada a mayar da ɗakin da mutane suka mutu a ciki wurin ajiye buhuna.

A sa ran saɓani, domin wanda wasu ke kira gwarzo wasu mai laifi suke kiransa. Kurkukun Maze a Ayilan ta Arewa an kafa shi ne a tsohon filin jirgin sojan sama na Long Kesh a 1971, a can fursunoni 10 suka mutu a yajin cin abinci na 1981, aka rufe shi a 2000, aka fara rushewa a 2006. Shirin gina cibiyar zaman lafiya a wurin ya tsaya a 2013 saboda ɓangarorin sun kasa yarda a kan labarin da za a ba masu ziyara. A Cadi, kwamitin bincike na 1992 ya ba da shawarar mayar da hedikwatar DDS gidan tarihi, kotun Injamena ta ba da umarnin haka a watan Maris na 2015, shekaru suka yi ta wucewa ba a yi ba. Saboda haka a daidaita a kan rubutun da za a kafe a bango tun kafin a nemi kuɗin gini, kuma a tsaya a kan abin da takardu da shaidu suka tabbatar: shekara, adadi, da wanda ke mulki a lokacin. Iyalan fursunoni da tsofaffin ma'aikata duka su sami kujera a kwamitin.

Wajen gyara, rufi ne farko, kuma a gama shi kafin ruwan Yuni, a gyara indararo yadda ruwa ba zai zuba a gindin bango ba. Bangon ƙasa da ƙasa ake yaɓe shi, wanda aka gina da farar ƙasa kuma da farar ƙasa. Siminti a kan irin wannan bango yana kulle damshi a ciki har wata rana yaɓen ya ɓamɓaro da rabin tubalin. A nemi tsofaffin maginan gari su ja gaba, matasa su koya a hannunsu. Kafin ranar buɗewa, a sa hannu a yarjejeniya tsakanin ƙaramar hukuma da ma'aikatar da ke da filin da ƙungiyar, wadda za ta faɗi wanda zai riƙe makulli, wanda zai biya mai gadi da kuɗin wuta da yaɓen kowace shekara, da kason kuɗin hayar shagunan da za a ware domin haka. Kwafi ɗaya na hotunan littattafan da muryoyin da aka naɗa a miƙa shi ga jami'a mafi kusa, tare da takardar da ta bayyana sunayen da ba za a buɗe ba sai da izinin iyalansu.